Akwatin Ta Rabah

Da sunan Allah nake ci gaba da wannan rubutu, yau kuma na iso wurin da na daɗe ina kewayewa. Na san abin da kuka ji. Kun ji shi a makaranta, kun ji shi a bakin 'yan kabu-kabu, wataƙila har a gidajen aurenku an yi muku gori da shi: wai babanku ya sa 'yarsa a lamba ta ɗaya a jerin masu karɓar injin ban ruwa, asirinsa ya tonu, ya bar aiki da kunya. Ba wanda ya taɓa tambayata a cikinku, na kuwa gode da wannan kara. Amma karar ta yi tsawo, ni kuma idona ya fara dushewa. Rabin maganar gaskiya ne. Sunan yayarku ya fito a lamba ta ɗaya, kuma da hannuna na rubuta shi. Sauran rabin ne zan ba ku yanzu.

Yayarku Uwani ita ce 'yata ta fari. An haife ta wata biyu bayan rasuwar mahaifiyata, aka mayar mata da sunanta, shi ya sa kowa yake kiranta Uwani. To, ga kunyar 'yar fari, ga sunan uwa, abin ya yi mini yawa. Ko Uwanin ban iya faɗa ba. Innarku kuwa, jinin Fulanin Rimawa, ta fi ni tsanani, don ita ko kallon yarinyar ba ta yi in akwai mutane. Da aka yaye ta, yayata, Gwaggonku Asabe, ta zo daga Rabah ta goya ta ta tafi da ita riƙo. Ranar na tsuguna a bakin zaure ina gyaran sarƙar keken da babu abin da ya same ta, har suka sha kwana ban ɗaga kai ba. Tun daga nan sunanta a bakina ya zama “ta Rabah”. In ta zo yawon salla takan tsaya bayan zaure ta yi sallama. Na san muryarta sarai, amma sai in tambaya.

“Wa an nan?”

“Ni ta, Baba. Ta Rabah.”

Sai ta shigo ta durƙusa, in amsa gaisuwar ina kallon bango. Akwai shekarar da ta zo da allonta, tana 'yar shekara bakwai, ta miƙo mini in ga rubutunta. Na ce ta kai wa Gwaggonta. Ba ina zagin al'ada ba ne, haka muka taso muka gani, kuma haka aka yi mini. Sai dai ba wanda ya taɓa gaya mini inda mutum zai ajiye son da aka hana shi nunawa. Ina sonta fiye da yadda zan iya faɗa, ita kuwa ta girma tana zaton ban damu da ita ba.

Shekarar da zan ba ku labari, na riga na haura hamsin. Na yi shekaru ina bugun tafireta a ofis, da kwamfuta ta zo abokan aikina suka ja da baya, ni kuwa ƙaiƙayin hannu ya hana ni zama. Da haka na zama mai kula da kwamfutar wata ƙungiyar manoman rani, wadda ta haɗa masu albasa da shinkafa tun daga gindin madatsar Goronyo har Wurno da Rabah. Wasu masu ba da tallafi suka ce za su raba injinan ban ruwa, amma da sharaɗi: kowane manomi sai ya sami akwatin imel nasa a ƙarƙashin sunan ƙungiya, don ta nan za a aiko masa da takardar karɓa. Akwatunan ba a ofishinmu suke ba. Suna cikin wata babbar na'ura da aka yi haya a wata ƙasa mai nisa, wadda Injiniya Rakiya, matar da ke zuwa daga Sakkwato tana duba mana aiki, take kira saba. Da farko da hannu nake buɗe su, in shiga can, in cike suna, in jira sabis ya ga dama, in fito. Yini guda da ƙyar nake gama mutum ashirin, ga manoma ɗaruruwa suna jira. Wata rana Injiniya ta tsaya a kaina tana kallo har ta gaji.

“Malam Mani, mi zai sa ka zamna kana buɗe su ɗai-ɗai kamar mai ɓarar gujiya? Rubuta ma na'urag ga umarni, ita ta buɗe da kanta.”

Wata biyu na yi ina koyo a hannunta. Abin da muka gina ba shi da wuyar fahimta. Shafi ne a intanet, mai gurbi uku: sunan mutum, sunan mahaifinsa, da garinsu. Dole muka sa garin, don a Wurno in ka kira Bello a kasuwa mutum goma ne za su waiwayo. In magatakarda ya cike guraben ya danna maɓalli, shafin zai haɗa sunayen uku da ɗigo a tsakani, ya ɗauki wani makullin sirri da muka ba shi, ya ƙwanƙwasa ƙofar waccan na'ura ta nesa, ya miƙa mata umarnin da na rubuta: duba ko akwai mai wannan suna, in babu ki buɗe masa akwati, ki rubuta lokacin da kika buɗe, ki dawo mini da amsa. Layi ashirin da wani abu ne duka-duka, amma na sha wuya a kansu. Waƙafi guda in ya kauce, na'urar sai ta yi mini shiru kamar surukar da aka ɓata wa rai.

A watannin nan ne na soma zama wani iri. Ofishin yana da taga mai kallon fadama, bayan azahar in zafi ya kwantar da kowa, sai in jingina da kujera in bar idona a kan koren albasa da ruwan da ke bin kwalbati a hankali. Tsakanin barci da farke nakan ga na'urar nan ta nesa. Ban taɓa ganin ko hotonta ba, amma a raina gida ce, doguwa, mai sanyi, mai soro bayan soro, babu kowa a ciki sai ƙofofi. Nakan ga umarnina ya fita ta taga, ya bi gulbin Rima, ya wuce masunta da garken shanu a bakin ruwa, ya ƙetare ƙasashen da ban san sunansu ba, ya isa gidan ya yi sallama. Sai wata ƙofa ta buɗe, an rubuta sunan wani manomin Rimawa a kanta, mutumin da ko Sakkwato bai cika zuwa ba, ga shi da ɗaki a bangon duniya. Innarku ta ce a lokacin in an zuba mini tuwo nakan riƙe loma a hannu har ta huce.

Ranar da umarnin ya kammala, sai gwaji. Shafin ba ya karɓar komai sai an cike gurbi uku. Ni kaɗai ne a ofis, an gama la'asar, janareta na ta kuka a baya. Na ɗora hannu a kan madannai ina tunanin sunan da zan ƙirƙira, kafin in ankara yatsuna sun riga ni. Sunanta na yanka, sunan mahaifiyata, shi ne a gurbin farko. Sunana a na biyu. Rabah a na uku. Na daɗe ina kallonsa. Shekara talatin ban furta shi ba, ban rubuta shi ba, ga shi ya fito a gabana, manne da nawa, ɗigo ɗaya ne kawai a tsakaninmu. Na ce wa kaina ai hannu ba baki ba ne. Na danna. Shiru ya ɗan yi tsawo, sannan amsa ta dawo daga can nesa cewa an buɗe. Wallahi na ji kamar an buɗe wani abu ne a ƙirjina.

Don in tabbatar akwatin yana karɓar saƙo, dole in aika masa wani abu. Na yi niyyar rubuta “gwaji” kawai. Abin da na rubuta shi ne: “Ranar da Gwaggonki ta tafi da ke, babu abin da ya sami keken nan.” Washegari na sake rubutawa, na ba ta haƙuri a kan allo, na gaya mata na hango rubutun ta gefen ido kuma ya yi kyau. Na gaya mata ranar da aka kai ta ɗakin miji a Rabah na je, na tsaya ƙarƙashin wata tsamiya a bayan gari har guɗa ta lafa, na juyo gida na ce kasuwa na je. Kullum bayan la'asar, kafin a kashe janareta, sai na aika wasiƙa ɗaya, kowace kuma da sunanta nake buɗe ta. Ban taɓa nufin ta gani ba. A wurina ɗaki ne a wancan gida mai sanyi, babu mai shiga sai ni, kalmar sirrinsa kuma a kaina take.

Da za a buɗe rajista, Injiniya ta bugo mini waya ta ce in share duk akwatunan gwaji. Na share goma sha ɗaya, masu sunayen banza irin su Wane ɗan Wane. Na sha biyun na bari. Na ce wa zai lura da ƙofa ɗaya a cikin ɗaruruwa? Abu biyu ne ban sani ba. Ban san shugabannin ƙungiya za su yanke cewa wanda ya riga yin rajista shi zai riga karɓar inji, kuma da lokacin buɗe akwati za a jera sunaye ba. Ban kuma san yayarku ta karɓi fadamar da Gwaggonta ta tsufa ta bar mata, ta shiga noman albasa ba. Yaya zan sani, ni da ba na tambayar labarinta sai dai in saci ji? Ta je ofishin Rabah ta ba da sunanta, magatakardan can, Malam Isa, ya cike gurabe ya danna, shafina ya amsa masa da abin da na koya masa: akwai mai wannan suna. Ya ɗauka a wani gari ta riga ta yi, ya sa mata alamar ta cika. Ranar da aka manna jerin a bangon ofisoshi uku, sunanta ne a sama, da lokacin da ya riga buɗe rajista da wata guda.

Aka kira ni zama a Goronyo, a inuwar darbejiyar ofis. Shugaban ƙungiya, Alhaji Garba, mutum ne mai adalci, ba na riƙe da shi. Na faɗi gaskiya, na ce akwatin gwaji ne na manta ban share ba. A nan kaɗai na yi ƙarya, don ban manta ba.

“Malam Mani, duk sunayen duniya ba ka samu na gwaji ba sai na ɗiyakka? To, mun ji. Injiniya ta ce in gwaji na, za a gani ciki. Buɗe muna shi nan gaban kowa, magana ta ƙare.”

“Alhaji, a yi mini haƙuri. Ba ni iya buɗe shi.”

“Mi yah hana?”

Na sake ba shi haƙuri. Suka ba ni kwana uku in yi tunani.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma na san ta. Layi ɗaya zan aika wa na'urar ta share duk wasiƙun, in bar guda mai cewa “gwaji”, in buɗe musu, kowa ya watse. Na rubuta layin. Na zauna da yatsa a kan maɓalli tun bayan azahar har inuwar taga ta kai bango. Ina rufe ido sai in ga ɗakin nan, takarduna jere a ƙasa, sunanta a kan kowace. Shi ne kaɗai wuri a duniya da na taɓa zama uba gare ta. In na share, na koma mai gyaran keke. In kuma na buɗe a gaban dattawa, an karanta sunan uwata da kukan da nake yi wa 'yar fari a bainar jama'a, ita kanta yarinyar na tona mata abin da ba ta ma san da shi ba. Na goge layin, na kashe kwamfuta, na tafi gida. Innarku tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ko ɗago ba.

“Malam, gari duk ya ɗauka. Mi ac cikin akwatin ga da ya hi aikinka?”

“Takardu na.”

“Na wa?”

“Na ta Rabah. Ni ka rubuta mata.”

Ta tsayar da rariya. Mun fi shekara talatin da aure ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

“Da sunanta?”

“Da sunanta.”

Ta ci gaba da tankaɗen garin da ya riga ya ƙare.

Rana ta uku na miƙa makullan ofis da makullin na'ura ga Injiniya, na rubuta takardar barin aiki. Ita kaɗai ta bi ni har bakin hanya tana faɗa, wai ban da hankali, wai wa zai riƙe mata shafin. Na roƙe ta abu ɗaya, kada a rufe akwatin. Ta ce mai sunan 'yar ƙungiya ce yanzu, akwatinta ne, ba mai taɓa shi. Na koma gonar gado a Wurno da hannun da ya saba da madannai, fartanya ta yi mini kanta a mako guda. A masallaci mutanen da muke gaisawa da hannu biyu suka koma ɗaga mini hannu daga nesa. Ku kuna ƙanana, kun ga nama ya ragu a miya, ba ku san dalili ba. Wannan duk na iya ɗauka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya sami yayarku. Ta je da ƙafarta ta ce a cire sunanta daga jerin gaba ɗaya, ta yi ranin nan tana biyan masu inji su ba ta ragowar ruwa, rabin albasarta ta ƙone. Ta aiko Malam Isa da saƙo, shi ma da ƙyar ya iya maimaita mini: wai uban da bai taɓa kiran sunanta ba, ranar da ya tuna da shi sai don ya jawo mata zagi. Salla ta zo ta wuce, ba ta zo ba.

Innarku ce ta gaji. Wata safiya na tarar ta yafa mayafin unguwa, ta miƙo mini takarda da biro.

“Rubuta makullin.”

“Wane makulli?”

“Kada ka maishe ni yarinya. Ka gina ma mutum ɗaki, ka cika shi da kaya, ka hana mai makulli, kana nan kana ramewa kamar kazar da ta sha ruwan sama. Rubuta, ni ka kai mata.”

Na rubuta kalmar sirrin akwatin na ba ta. Ku da kuka san Innarku kun san girman wannan. Matar da ba ta taɓa taka gidan 'yarta ta fari ba, ita ce ta hau kabu-kabu zuwa tasha, ta shiga motar Rabah da 'yar takarda ƙulle a bakin zane. Da yamma ta dawo. Na tambaye ta yaya suka yi, ta ce ta ba ta, ta sha ruwa, ta taho. Daga baya na ji cewa Innarku ta yi ta kallon randa ne tana magana, kamar da randar take.

Mako uku ba labari. Ba ni da kwamfuta a lokacin, ba ni da hanyar sanin ko ta buɗe. Nakan zauna a bakin gona in ga ɗakin a raina, wani lokaci ƙofar a rufe, wani lokaci in ga kamar an bar ta a ɗan buɗe, da takalmin mace a bakinta. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Ina tsoron ta karanta ta raina ni, na fi tsoron kada ta karanta.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar ina zaure ina gyaran igiyar guga, na ji babur ya tsaya a waje, ya juya ya tafi. Aka yi sallama daga bayan zaure. Muryar ta ɗan dushe, amma ko a cikin kasuwar Goronyo na ji ta zan gane. Na amsa, bakina kuma ya yi abin da ya saba.

“Wa an nan?”

Ina jin numfashinta ta bayan asabari, ina jin Innarku ta daina daka a cikin gida.

“Baba, kai ka hwaɗi.”

Na dubi bango, bangon da na saba kallo, bai taimake ni da komai ba. Igiyar ta zame daga hannuna. Na buɗe baki kamar yaro a gaban malam.

“Hadizatu. Shigo.”

Ta ɗaga asabari ta shigo ta durƙusa inda ta saba durƙusawa, idonta jawur. Wannan karon ban kalli bango ba, ita na kalla, na ga ashe goshin mahaifiyata ne da ita, shekara talatin ban sani ba.